Yadda za ka tattara alƙaluman gasar ƙwallon ƙasashe, ka auna ƙoƙarin kowace tawaga da kanka

Duk sanda babbar gasa ta ƙarato, masu karatu kan dame ni da tambayoyi kusan iri ɗaya: ina ake samo alƙaluman wasa, yaya ake haɗa teburin rukuni, kuma ta yaya mutum zai bambance tawagar da ta taka leda da wadda sa'a kawai ta ɗauko. Ga yadda ake yi daki-daki. Zan riƙa buga misali da gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024, tunda yawancinmu mun kalle ta har ƙarshe, sai kuma kofin duniya na 2018 da na 2022 inda ya kama.

1. Tanadi kayan aiki

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai ganye 80, ya ishe ka gasa guda. Ka haɗa da biro biyu, shuɗi da ja, da rula. A waya kuma ka sauke manhaja ɗaya daga cikin Sofascore, FotMob ko Flashscore. Duk kyauta ake sauke su, talla kawai za ka yi haƙuri da ita. Mai kwamfuta, ko wanda hannunsa ya faɗa da waya, yana iya buɗe Google Sheets ko Excel su riƙa yi masa tarawa da rabawa.

Kuɗin da za ka kashe na gaske uku ne: data, cajin waya, da kuɗin shiga gidan kallo in ba ka da dish a gida. Duba alƙaluma ba ya cin data sosai. Abin da ke zuƙe ta shi ne maimaita bidiyon ƙwallaye, don haka ka rage ingancin hoton in za ka duba.

Hattara: kada ka dogara da waya ita kaɗai. Wuta na ɗaukewa, sabis na tsinkewa a daidai lokacin da gari ya cika da masu kallo. Littafi ne asali, waya mataimakiya ce.

2. Karanta dokar gasar kafin a take wasa

Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, daga baya a yi ta musu a majalisa. A shafin farko na littafinka rubuta abubuwa huɗu: yawan tawagogi da rukunoni, su wa ke wucewa zagaye na gaba, yadda ake raba gardama in maki ya zo ɗaya, da katin gargaɗi nawa ke sa a dakatar da ɗan wasa.

A gasar Kwaddibuwa ƙasashe 24 ne a rukuni 6, wasanni 52. Biyun farko na kowane rukuni sun wuce, aka ƙara da huɗu mafiya maki cikin waɗanda suka yi na uku. Kofin duniya na Katar ƙasashe 32 ne a rukuni 8, wasanni 64, kuma na uku gida yake komawa ko maki nawa ya samu. Tsarin 2026 ya sake: ƙasashe 48, rukuni 12, wasanni 104.

Raba gardama ma ba ɗaya ba ce. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kan fara duba sakamakon karawar da ƙasashen biyu suka yi da juna. FIFA kuwa a 2018 da 2022 rarar ƙwallaye (waɗanda tawaga ta ci a cire waɗanda aka ci ta) ta rukunin gaba ɗaya ta fara dubawa, sai yawan ƙwallayen da aka ci, sannan karawar juna, sannan katuna. Kada ka ɗauka dokar gasar da ta wuce ita ce ta bana, hukumomin nan suna sauyawa. Nemi ta gasar da ke gabanka a shafin hukumar da ta shirya ta.

3. Zana shafin wasa

Kowane wasa shafi guda. A sama ka sa kwanan wata, matakin gasa, filin wasa da sunayen ƙasashen. Ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa, kowace tawaga da gefenta, shuɗin biro ga ɗaya, ja ga ɗayar. A gefen hagu jera waɗannan: ƙwallaye da mintin da aka ci su, hari gaba ɗaya, harin da ya nufi raga, harin da aka kai daga cikin yadi na 18, bugun kusurwa, katin gargaɗi, jan kati, canji. Ka raba kowane layi gida biyu, kafin hutun rabin lokaci da bayansa. Bar sarari a ƙasan shafi don jimla biyu ko uku na abin da idonka ya gani.

Hattara: kada ka ce za ka ƙirga fas da hannu. Tawaga ɗaya na iya yin ɗaruruwa a wasa, kamfanoni ma ma'aikata na musamman suke sawa. Wannan ka bar wa manhaja.

4. Rubutu ana cikin wasa

Kowane hari ka ja ɗan tsayayyen layi, na biyar ka gitta shi a kan huɗun, yadda ƙirga zai yi sauƙi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka tsayar da ma'anar kowane abu tun farko, ka kuma riƙe ta har a gama gasar.

Harin da ya nufi raga shi ne wanda ya shiga, ko wanda da zai shiga ba don gola ya tare ba, ko wani ɗan baya na ƙarshe ya cire shi a kan layi. Ƙwallon da ta daki turke ta dawo ba ta cikinsu, komai ihun da gidan kallo ya yi. Wadda ɗan baya ya tare tun daga nesa ita ma hari ce, amma ba a sa ta a waɗanda suka nufi raga.

Kowace ƙwallo da aka ci, sa mata alamar yadda ta zo: F ga fenariti, K ga bugun kusurwa, T ga bugun tazara, G ga cin gida, W ga wadda aka ƙulla ana cikin taka leda. Wannan 'yar alama za ta yi maka babban aiki a mataki na 8. Minti kuma ka rubuta shi yadda yake: ƙwallon da aka ci a minti na biyu na lokacin da alƙalin wasa ya ƙara kafin hutu 45+2 ce, ba 47 ba.

Hattara: tun da na'urar VAR ta shigo, kada ka rubuta ƙwallo sai an mayar da ita tsakiya an take. A wasan Najeriya da Afirka ta Kudu a zagayen daf da na ƙarshe, Victor Osimhen ya zura wadda kowa ya ɗauka ta biyu ce, aka koma na'ura, aka soke ta, aka kuma ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ƙetar da aka yi a can ɗaya ɓangaren kafin harin. Wanda ya yi gaggawar rubuta 2-0, sai da ya goge ya sa 1-1. Ƙwallon da aka soke ba ta shiga lissafin ƙwallaye ko na hari, amma ka ambace ta a ƙasan shafi.

5. Daidaita da manhaja bayan an tashi

Ka ɗan jira, ko ma ka bari sai washegari, domin akan gyara alƙaluma bayan wasa: ƙwallon da aka ba wani ɗan gaba tana iya komawa cin gida. Sannan ka kwatanta. In bambancinku hari ɗaya ne ko biyu, ba komai. Kwafo daga manhaja abin da ba ka iya ƙirgawa: kason riƙe ƙwallo, yawan fas, da xG (ma'aunin ingancin damar cin ƙwallo, bayaninsa na mataki na 9) in akwai.

Hattara: manhaja ɗaya za ka riƙe daga farko har ƙarshe. Kamfanonin ba su auna abu iri ɗaya. A Katar, FIFA ta riƙa raba riƙe ƙwallo kashi uku, har da lokacin da ake kokawar ƙwace ta ba ta hannun kowa, alhali sauran kafofi kashi biyu suke yi. In ka ɗauko na wannan wasa a nan, na wancan a can, kwatancinka ya lalace tun kafin ka fara.

6. Haɗa teburin rukuni

Nasara maki 3, canjaras 1, rashin nasara babu. Rarar ƙwallaye kuma ita ce waɗanda ka ci a cire waɗanda aka ci ka. Ga rukunin A na 2024, ka gwada hannunka. Kwaddibuwa ta ci Gini Bisau 2-0. Najeriya da Ikwatoriyal Gini 1-1. Ikwatoriyal Gini ta ci Gini Bisau 4-2. Najeriya ta ci Kwaddibuwa 1-0. Ikwatoriyal Gini ta lallasa Kwaddibuwa 4-0. Najeriya ta ci Gini Bisau 1-0. Abin da ya kamata ka samu:

Ikwatoriyal Gini: maki 7, ta ci 9, an ci ta 3, rara +6
Najeriya: maki 7, ta ci 3, an ci ta 1, rara +2
Kwaddibuwa: maki 3, ta ci 2, an ci ta 5, rara -3
Gini Bisau: maki 0, ta ci 2, an ci ta 7, rara -5

Najeriya da Ikwatoriyal Gini maki ɗaya, karawarsu kuma canjaras, shi ya sa aka gangaro kan rara.

Akwai hanyar gane ko ka yi kuskure. Tara duk ƙwallayen da tawagogin suka ci, ka tara duk waɗanda aka zura wa tawagogin, dole su zo daidai: a nan 16 da 16. Maki ma haka: kowane wasan da aka yi nasara yana fitar da 3, canjaras yana fitar da 2. Nasara biyar da canjaras ɗaya 17 ke nan, kuma 7 da 7 da 3 sun ba da 17. In bai zo daidai ba, koma shafukan wasanni.

In gasar na ɗaukar waɗanda suka yi na uku, ware musu teburi na daban tun daga zagaye na biyu na wasannin rukuni. A 2024 Gini da Namibiya sun wuce da maki 4, Muritaniya da Kwaddibuwa da maki 3, Gana da Zambiya suka koma gida da maki 2 kowace. Mai masaukin baƙi ba ta san matsayinta ba sai a daren ƙarshe, da Maroko ta ci Zambiya 1-0. Da Zambiya ta rama aka tashi canjaras, da ta kai maki 3 da rarar da ta fi ta Kwaddibuwa, kuma da wadda ta ɗaga kofin ba ta fita daga rukuni ba.

Hattara: kada ka raina layin katuna da na yawan ƙwallaye. A Rasha a 2018, Japan da Senegal sun yi daidai a maki 4, a rara, a yawan ƙwallaye, karawarsu kuma 2-2. Senegal ta fita ne saboda katin gargaɗi 6, Japan na da 4. A Katar, Uruguwai ta ci Gana 2-0 a wasan ƙarshe na rukuni amma ta fita, domin Koriya ta Kudu da suka yi daidai a maki da rara ta ci ƙwallo 4, ita kuwa 2.

7. Lissafin zagayen sili ɗaya ƙwale

Abu biyu ke rikita mutane a nan. Na farko, wasan da ya kai ga bugun fenariti na raba gardama canjaras ne a alƙaluma, kuma ƙwallayen bugun ba sa shiga lissafin tawaga ko na ɗan wasa. Najeriya da Afirka ta Kudu 1-1 za ka rubuta, sai ka ƙara a gefe cewa Najeriya ta wuce 4-2 a fenariti. Da wannan ƙa'ida za ka ga Dimokuraɗiyyar Kongo ta kai zagayen daf da na ƙarshe a 2024 da nasara ɗaya tak, wadda ta yi a kan Gini 3-1. Canjaras uku ta yi a rukuni, sannan ta fitar da Masar a fenariti.

Na biyu, wasa mai ƙarin lokaci minti 120 ne, don haka raba ƙwallaye da yawan wasanni ba ya yin adalci. Tara mintunan da tawaga ta buga, ka raba ƙwallaye da su, ka ninka da 90. Najeriya ta buga wasa 7, ɗaya da ƙarin lokaci, minti 660 ke nan. Ta ci 8, an ci ta 4: kusan 1.09 da 0.55 a kowane minti 90. Kwaddibuwa ta shiga ƙarin lokaci sau biyu, da Senegal da Mali, minti 690. Ta ci 8, an ci ta 8: kusan 1.04 kowane ɓangare.

8. Farfasa jimillar

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan mai littafi ke yi wa mai kallon teburi kawai fintinkau. Dubi jimillar da muka fitar yanzu. Najeriya ta yi nasara 4, canjaras 2, ta sha kashi 1, wasa huɗu ba a zura mata ƙwallo ba. Kwaddibuwa nasara 4, canjaras 1, rashin nasara 2, rararta sifiri. Da lig ake yi, Najeriya na da maki 14, Kwaddibuwa 13. Amma Kwaddibuwa ce ta ci wasan ƙarshe 2-1 a Abijan, kuma duk wanda ya kalla ya san ba sata ta yi ba. To, alƙaluman ne suka yi ƙarya? A'a, a dunƙule aka bar su. Ka yanka su ta hanyoyi huɗu.

Yanka ta lokaci. Bayan kashin 4-0, Kwaddibuwa ta sallami koci Jean-Louis Gasset, Emerse Faé ya karɓa. A wasa ukun Gasset ta ci 2, an ci ta 5. A wasa huɗun Faé ta ci 6, an ci ta 3, kuma da Senegal mai riƙe da kofi, da Mali, da Kongo, da Najeriya ta kara. Tawaga biyu ce sanye da riga ɗaya, bai kamata a gwama lissafinsu ba. Duk inda aka sauya koci, ko tsarin wasa, ko wani ginshiƙi ya ji rauni ko ya dawo, ja layi a littafinka. Sébastien Haller da Simon Adingra ba su fara gasar da ƙoshin lafiya ba, su ne kuma suka yanke wasan ƙarshe: Adingra ya bayar da ƙwallayen biyu, Haller ya ci ta biyun.

Yanka ta yadda ƙwallo ta zo. Cikin 8 na Najeriya, biyu fenariti ne da William Troost-Ekong ya buga, ɗaya ya ci da ka bayan bugun kusurwa a wasan ƙarshe, ɗaya kuma Gini Bisau ce ta ci gida. Saura huɗu kacal da 'yan gabanta suka ci ana taka leda, a wasa bakwai: uku na Ademola Lookman, ɗaya na Osimhen. Wannan ya nuna maka tawagar koci José Peseiro a kan tsaron baya ta rayu, ta ci ɗaya ta rufe ƙofa. Irin wannan tawaga in aka farke mata, da wuya ta sami abin da za ta sake ɗaukowa, kuma haka aka yi da Franck Kessié ya rama wa Kwaddibuwa a minti na 62 na wasan ƙarshe.

Yanka ta cire wasa mafi yawan ƙwallaye. Sifaniya ta ci 9 a wasa 4 a Katar, wato 2.25 a kowane wasa, abin sha'awa a takarda. Cire 7-0 da ta yi wa Kwasta Rika, saura 2 a wasa uku, ba ta kuma ci ko ɗaya daga cikin ukun ba. A gasar da tawaga ke buga wasa uku zuwa bakwai, rana ɗaya mai kyau tana iya karkatar da matsakaicin lissafi gaba ɗaya.

Yanka ta halin da ake ciki a wasa. Tawagar da aka ci dole ta fito ta kai hari, wadda ke gaba ta ja baya da gangan. Don haka hare-haren da aka kai lokacin da ake kunnen doki sun fi faɗin gaskiya. Haka ma jan kati: Kwaddibuwa ta buga mafi yawan wasanta da Mali da mutum goma, ta farke a minti na 90, ta ci ta biyu a ƙarshen ƙarin lokaci. Alƙaluman wannan wasa ba a auna su da ma'aunin sauran.

9. Riƙe ƙwallo da xG: yi amfani da su, kada su yi amfani da kai

A ganina babu adadin da ake yawan ambata kuma yake da ƙarancin amfani kamar kason riƙe ƙwallo. Sifaniya ta yi fas fiye da 1,000 a wasanta da Maroko ranar 6 ga Disamban 2022, hari ɗaya ne ya nufi raga a minti 120, ta fita a fenariti ba ta ci ko ɗaya ba. Kwanaki kaɗan kafin nan Japan ta ci ta 2-1 ba tare da ta riƙe ƙwallo ko kashi 20 cikin ɗari ba. Adadin yana gaya maka salon tawaga ne, ba ƙarfinta ba. Kullum ka ajiye shi kusa da layin hare-haren cikin yadi na 18.

Shi kuwa xG auna ingancin dama ne: ana ba kowane hari daraja tsakanin 0 da 1 gwargwadon yadda irinsa ke shiga raga, bisa nisa da kusurwa da ko da ƙafa aka buga ko da ka. Fenariti kan samu wajen 0.76 zuwa 0.79, bugun nesa ɗan ƙalilan. In tawaga ta tara xG mai yawa ba ta ci ba, ko dai 'yan gabanta sun yi ɓarna ko golan can ya yi rawar gani.

Hattara: cire fenariti daga xG kafin ka kwatanta tawagogi, kuma kada ka yanke hukunci da wasa ɗaya. In manhajarka ba ta da xG na wata gasa, layin hare-haren cikin yadi na 18 da ka ƙirga da hannu zai tsaya a madadinsa.

10. Shafin 'yan wasa

Ware shafuka biyu a bayan littafi. Ga kowane ɗan wasa da kake bibiya rubuta mintunan da ya buga, ƙwallayen da ya ci, waɗanda ya bayar aka ci, fenaritin da ya samo, da katunansa. Layin fenaritin da aka samo yana da muhimmanci domin teburin masu cin ƙwallo ba ya nuna shi. Osimhen ƙwallo ɗaya ya ci a gasar 2024, amma shi aka yi wa ƙeta a fenaritin Najeriya duka biyu, shi ya kuma ƙwato ya ba Lookman ta farko a wasan Kamaru. Hannunsa na cikin rabin ƙwallayen ƙasar ke nan. Emilio Nsue na Ikwatoriyal Gini shi ya fi kowa cin ƙwallo da 5, duka a wasa biyu na rukuni.

Gola kuma kada ka auna shi da yawan wasannin da ba a ci shi ba kawai, wannan aikin 'yan baya ne tare da shi. Ƙirga harin da ya tare, ka ware bugun raba gardama daban, kamar huɗun da Ronwen Williams na Afirka ta Kudu ya tare a wasansu da Kef Bad, da biyun da Stanley Nwabali ya tare wa Najeriya.

11. Rubuta hukuncinka

Bayan kowane zagaye, ba kowace tawaga jimla uku: ta ina take cin ƙwallo, ta ina ake cin ta, da wa ta kara. Kowace jimla ta zo da adadi daga littafinka da yawan wasannin da aka ɗauko shi, domin 0.55 daga wasa bakwai ba ɗaya yake da 0.55 daga wasa biyu ba. In za ka wallafa a Facebook ko ka tura zauren WhatsApp, faɗi manhajar da ka ɗauko riƙe ƙwallo da xG, ka kuma bayyana waɗanda kai ka ƙirga da hannunka. Rubuta hukuncin da kwanan wata kafin a buga zagaye na gaba, kada ka taɓa shi bayan an buga, sai dai ka ƙara sabo a ƙarƙashinsa.